Ranar da Baba Ya Sake Ƙirga 'Ya'yan Kaza

Shekarun baya can, wajen lokacin da aka sauke tutar Turawa, ina sabon malamin firamare a Bagudo, kaina ya kumbura da ilimin da bai cika cokali ba. Ina da aboki ɗan Kudu, Kirista, ma'aikacin safiyo, mai madubin hangen nesa irin mai ido biyun nan. Mu biyu muka ɗora wa kanmu aikin da ba wanda ya sa mu. Duk Asabar sai mu hau keke zuwa Bahindi ko Illo, bayan magariba mu tara jama'a a fili mu nuna musu sama. Har mutanen Dahome kan tsallako su bi layi don su ga ramukan wata. Shi yana riƙe madubi, ni ina zuba bayani kamar ni na rataye taurarin.

Mahaifina bai taɓa zuwa ba. Shi ne wanda unguwarmu ke tambaya kafin a fito da iri. Yakan duba tarin taurarin da ake kira Kaza da 'ya'yanta, idan ya ga ta kusa faɗawa yamma da magariba sai ya ce a gyara gona, ruwa na tafe. Tun zamanin kakansa gidanmu ke riƙe da wannan. Ni kuwa, da rawar kaina, na taɓa faɗa a gaban taro cewa yanzu kalanda ta hutar da tsofaffi. Maganar kuwa ta isa kunnensa.

A bazarar shekarar mutane suka yi ta zarya a zaurenmu, kullum amsar Baba ɗaya: a dakata. Mahaifiyata ce ta ja ni gefe.

"Kai da ka nuna ma duniya sama, ba ka lura da gidanku ba? Idon babanka ya yi hazo. Bara ma da ƙyar yag gane ta. Kunya ta hana mai hwaɗi."

Na gaya wa abokina, ya ce in bar masa. Washegari da magariba ya zo gidanmu, ya durƙusa ya gaida tsohon.

"Baba, taimako na zo nema. Littafina ya ce Kaza tana nan, amma ni ban san ta ba. A nuna min."

Ƙarya yake yi, ya fi ni saninta. Baba ya fito fili, ya nuna saman wata kuka da sandarsa, ko kai bai ɗaga ba. Abokina ya leƙa, ya ce shi dai bai tabbata ba, Baba ya duba masa. Ya ɗora masa madubin a ido yana murza shi a hankali, har muka ji Baba ya ce, "Tsaya nan."

Ya daɗe a haka. Leɓɓansa na motsi, ƙirga yake yi. Ya kai bakwai ɗin da ya sani, ya wuce, ya kai ashirin, ya haƙura.

"Ikon Allah," in ji shi. "Shekara sittin ina kiwon kazar ga, ashe ta ƙyanƙyashe wasu ɗiya ban sani ba."

Ya goge ido da hannun riga, wai iska ce. Da safe ya zauna a zaure ya shaida wa mutane saura kwana kaɗan Kaza ta faɗi, kowa ya fiddo iri. Da aka yi wa abokina canjin wurin aiki, a hannun Baba ya bar madubin.

Na yi shekaru ina koya wa mutane sama, amma a wurin abokin nan na ga yadda ake ba babba abu ba tare da an sa shi miƙa hannu ba. Ban taɓa neman gafarar Baba kan maganar kalanda ba, kuma abin yana damuna har yau. Yanzu nawa idon ma ya yi hazo. Duk bazara nakan fito da madubin in nemi Kaza, kuma da na wuce bakwai sai muryarsa ta ɓatar min da ƙirga.