Tankin Kifin Mzee Kombo

Shekara talatin da ɗaya Kombo Mwatsuma, wanda ake kira Mzee, wato dattijo, ya yi yana nutso a tekun ƙauyensu Shimoni. Ba kifin miya yake kamawa ba, 'yan ƙananan nan ne masu launi da ke zaune a tsakanin duwatsun murjani, waɗanda ake zubawa a leda a hau jirgin sama da su. Bai taɓa ganin inda ake kai su ba. An dai ce masa a can ƙasashen sanyi cikin akwatin gilashi ake ajiye su a falo, shi kuwa abin dariya yake ba shi.

Wata ranar Talata, yana gyaran raga a bakin ruwa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya yi wata biyu a asibiti, ya fito a keken guragu, likita ya ce shi da nutso har abada. Matarsa ta daɗe da rasuwa, don haka 'yarsa Mwanasiti, wadda ke girki a wani otal a Mombasa, ta ɗauko shi zuwa gidanta a Likoni, unguwar da ke tsallaken ruwa daga birnin. Ba a rage shi da komai ba, amma mutumin da a da ba a jin muryar kowa in yana wuri ya koma sai ya wuni bai ce uffan ba. Mahamri, wato fanken kwakwa, da shayi ma sai an yi da gaske yake taɓawa.

A otal ɗin akwai wani tankin kifi dogo, zagayayye, tsayinsa ya fi na mutum. Mwanasiti ta ɗauki hotonsa a waya, ta kai wa Zoeb, wani tsohon Ba'indiye mai yankan gilashi a tsohon gari, ta ce irinsa take so, ƙarami, na babanta. Zoeb ya ce ba ya yanka gilashi sai ya ga ɗaki da mai ɗaki. Ranar Lahadi kuwa sai ga shi ya hayo jirgin fito da tef ɗin awo a aljihu.

Kombo ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne mai gina wa kifi kurkuku?"

"Ni ne, Mzee. An ce kai kuma kai ne ɗan sandan da ke kamo su."

Mwanasiti ta ga gefen bakin babanta ya motsa. Ta miƙa masa wayar. "Baba, dubi. A wancan lungun za a tsayar da shi, ba zai ci wuri ba."

Ya daɗe yana kallon hoton. "Wannan ai rijiya ce," in ji shi. "Wane kifi kika taɓa gani yana yawo sama da ƙasa kamar guga? Kifi gaba yake yi, ya juyo, ya ɓuya. Murjani kuma haske yake ci. In kin sa shi a gindin wannan, kafin wata ya mutu. Inda ya fi kyau a Shimoni, ruwan bai wuce ƙirjina ba."

Rabon da ya yi magana mai tsawon haka tun kafin ciwon. Zoeb ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya ce akwai tanki mai lanƙwasasshen gaba, masu kuɗi suna sonsa. Kombo ya tambaya ko yana canza kamannin abin da ke ciki. Zoeb ya ce yana ɗan kumbura shi. Kombo ya ce a bar shi, shi ya san girman kowane kifi, ba ya son gilashi ya yi masa ƙarya.

Daga nan Zoeb ya zaro tef. Bai nufi bango ba. Ya ce, "Miƙo hannun mai lafiyar." Ya auna daga hammata zuwa kan yatsa, ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar Kombo a kan keken, ya rubuta a bayan kwalin sigari.

"Likkafani za ka ɗinka mini?"

"Da sauranka, tsoho. Wa zai riƙa goge gansakuka, ya gyara dutse in ya faɗi? 'Yarka kullum tana wurin aiki. Zurfin ruwan ba zai wuce hannunka ba. Teburin da za a ɗora tankin a kai kuma zan bar masa fili a ƙasa, keken ya shige."

Abin da suka tsayar ke nan: mai tsawo, mai faɗi, marar zurfi, samansa a buɗe don iska ta samu ruwan. Mwanasiti ta dubi zanen ta taɓe baki.

"Kawu Zoeb, wannan ai komin shayar da shanu ne. Kuma kujerata babba za ta bar falon."

"Za ta bar shi," in ji Zoeb. "Baƙinki su zauna a tabarma."

Da aka kawo tankin, abokan nutson Kombo biyu, Shee da Mwinyi, suka riƙa aiko da ruwan teku a jarka ta motar haya. Mako shida tankin bai ga komai ba sai ruwa da dutse da famfo, Kombo ya hana a sa ko kifi ɗaya, ya ce ruwan bai nuna ba. Sannan aka kawo gutsattsarin murjani daga wurin masu renonsa a ƙauyensu, da kifi biyar. Ba duka suka yi ba. Da zafi ya tsananta aka kuma ɗauke wuta kwana biyu, rabin murjanin ya yi fari ya mutu. Kombo ya wuni yana kwasar ruwa da kofi yana zubawa daga sama don kifin su samu iska, kuma ko ɗaya bai mutu ba. Zoeb ya zo ya haɗa wa famfon batirin mota.

Kombo ba gwanin godiya da baki ba ne. Amma bayan kowace salla yana ambaton sunan 'yarsa da na Zoeb, wata rana kuma da Mwanasiti ta dawo aiki ya riƙe hannunta da nasa jiƙaƙƙen, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, uwata." Ta shige kicin, don kuka ya zo mata.

Zoeb ya mai da Lahadi ranar zuwansa. A wani zuwan ne, suna shan gahawa, ya faɗi cewa a Mombasa aka haife shi, shekararsa sittin da bakwai, amma bai iya ruwa ba, bai taɓa ganin murjani a inda yake tsirowa ba.

"Kana nufin duk wannan surutun, a gilashi kawai ka san su?"

"A gilashi kawai."

Kombo ya sa aka kira Shee a waya. Ya ce wa Zoeb ya yanka gilashi ya liƙa a gindin bokiti. Asabar ta gaba Shee ya ɗauki Zoeb a kwale-kwale a Shimoni, Zoeb ya wuni yana leƙen ƙasan teku ta bokitin. Ya dawo Likoni da ƙonannen wuya, ya yi amai sau biyu, yana ta ba da labari da hannu. Kombo ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi ko sun bi ta wani babban dutse mai kama da tebur, kudu da mashigar ruwa, inda shi Kombo ya saba kama kifi a da. Zoeb ya ce sun bi, kifi ma cike a ƙarƙashinsa. Kombo ya gyaɗa kai, ya ce a ƙara wa baƙo gahawa.