Shirun Goggo da Agogon Dakta

Jama'a a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga ta nan tafe: uwar alli, giwar aji ɗaya, wadda ta shekara ashirin da tara tana share majinar 'ya'yan mutane ba a taɓa ba ta lambar yabo ko ta kwali ba. Goggona ce, ƙanwar babana, kuma in ta ji na yi mata wannan kirari sai na yi sati ban taka gidanta ba.

Ni fotokofi nake yi a wani shago a bakin ƙofar jami'a. Karatuna a aji uku na sakandare tayarsa ta yi faci, amma duk digirin da ya fito ta ƙofar nan sai da ya bi ta hannuna, saboda haka a riƙa yi min magana da ladabi.

Goggo 'yar gajeruwa ce, ba ta duka, ba ta tsawa. Makaminta guda ɗaya ne: jira. Za ta rubuta abu a allo, ta kira yaro, ta yi tambaya, sai ta harɗe hannu ta yi shiru. 'Yan gaban aji su yi ta "Malama ni! Malama ni!" kamar hannayensu za su tsinke, ko kallo ba su ishe ta ba. Wanda ta kira shi take jira. Na sani don ni ma na sha. Ta taɓa jira na a kan harafi ɗaya har ƙuda ya sauka a hancina, ya huta, ya tashi, ya dawo da ɗan'uwansa. Amma na faɗa. In ka ga na iya rubuta wannan, shirun nan ne sila.

"Yaro ba famfo ba ne da za ka murɗa ya zubo," haka take cewa. "Rijiya ce. Ka zura guga ka tsaya."

Bara wani Dakta daga jami'a ya zo makarantarsu bincike a kan yadda ake koyarwa. Ya zo da agogon nan da ake auna gudun 'yan tsere, da wata takarda mai gidaje shida: malami na bayani, malami na tambaya, yara na amsawa, yara na rubutu, aikin rukuni, sai na ƙarshe, ba a koyarwa. Duk bayan daƙiƙa goma sai ya ɗaga kai, ya ga abin da ake yi, ya caka alama a gida ɗaya. Goggo kujerarta ta ba shi, ita ta yi sati biyu a tsaye.

To, takardar Dakta ba ta da gidan jira. Duk shirun Goggo gidan ƙarshe ya riƙa faɗawa. Da rahoto ya fito sai ga shi an rubuta wai Malama ta Biyu, mai koyar da aji ɗaya, tana ɓarar da minti goma sha bakwai cikin arba'in ba ta koyar da komai. Wai an ɓoye suna. Makarantar da aji ɗaya guda ne tal a cikinta!

Dama Hedimasta yana ciki da ita, tun da ta ƙi yarda a riƙa kora yara marasa ƙoƙari bayan aji ranar da baƙi za su zo. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya tara malamai ya karanta rahoton a gabansu, a hankali, wurin minti goma sha bakwai ɗin har sau biyu. Washegari ya ƙwace ajin ya ba wani sabon malami, ita kuma ya tura ta sito, ta riƙa miƙa alli da tsintsiya.

Siton bango ɗaya ne da ajinta. Zango biyu ta yi tana jin muryoyin yara biyar ɗin nan na gaba suna amsa komai, sauran sittin da wani abu tsit. Ta rame. Rahoton kuwa yana cikin jakarta, ta ninke shi huɗu, kullum sai ta buɗe ta karanta kafin ta buɗe siton.

Ni na kawo shawarwari masu ma'ana. Na ce zan sace iskar tayoyin motar Dakta. Na ce in ya kawo takardu shagonmu zan hargitsa shafukan, babi na biyar ya riga na ɗaya fitowa.

"Ka taɓa masa takarda ɗaya, ni da kai ne," in ji ta.

"Wato kin yafe ke nan, Goggo?"

"Wa ya ce maka? Ban dai shirya ba."

Ran nan wata ɗalibar Dakta ta zo buga wani fom, tana ta mita a waya. Ashe kwamitin jami'a ya riƙe binciken, ya ce ba za a wallafa shi ba sai kowane malamin da aka zauna a ajinsa ya sa hannu cewa ya amince. Dakta ya manta bai karɓi ko ɗaya ba. Yanzu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa, saura Malama ta Biyu. Ban ma kashe injin ba na zura da gudu wurin Goggo.

Ranar da ya zo makarantar neman sa hannunta, ni ma na zo, na maƙale a taga. Dakta ya sunkuya ya shiga siton yana kakkaɓe yanar gizo-gizo daga hularsa.

"Malama, barka da aiki. 'Yar alfarma ce, hannu kawai za ki sa min a nan."

"Sannu da zuwa, Dakta. Ka zo da agogon?"

"Yana mota."

"A ɗauko. Da takardar nan mai gidaje. Darasi ɗaya za ka yi wa yarana, ni in zauna a baya."

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya aika aka ɗauko.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya tsalle-tsalle. Ya raba yara rukuni-rukuni, ya sa su waƙa, ya yi ta jefa tambayoyi kamar mai watsa wa kaji tsaba. In yaro bai amsa ba kafin ƙiftawar ido, ya wuce na gaba, ko ya amsa wa kansa ya ce a tafa. Gumi har cikin takalmi. Goggo na baya tana caka alama. Hedimasta ya zo ya tsaya a ƙofa yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Da ya gama ta miƙe. "Ka cinye duka, Dakta. Gidan ƙarshe ko alama ɗaya babu. Saura abu ɗaya. Waccan yarinyar ta jikin bango, mai yankakken silifa, ka tambaye ta kalmar farko da ka rubuta."

Sabon malamin ya yi caraf. "Ai wannan ba ta magana, Malama."

"Ba da kai nake ba, ɗana."

Dakta ya tambaya. Yarinya ta sunkuyar da kai. Bai kai numfashi uku ba ya juya zai nuna wani.

"Tsaya," in ji Goggo, ta latsa agogo.

Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Dakta ya gyara hula, ya sa hannu a aljihu, ya fitar, ya dubi silin. 'Yan gaba suka gaji suka sauke hannu. Ni kaina da nake taga na san halin da yarinyar take ciki. Can leɓenta ya fara motsi. Ta haɗa harafin farko da na biyu, ta tsaya, ta sake farawa. Sai ga kalmar ta fito, a hankali kamar mai tsoron kada ta fashe.

Goggo ta latsa agogo ta miƙa masa da takardar. "Daƙiƙa hamsin. Kai ne masani. Nuna min gidan da zan saka su."

Ya dubi takardar ya daɗe. Bai nuna ba. Ita ta karɓi biro ta caka alama biyar a gidan ba a koyarwa, ɗaya bayan ɗaya, tana kallon idonsa.

Ko a nan ba ta sa hannu ba. Ta ce ya rubuta da hannunsa cewa awonsa ne ya yi kuskure, kuma Hedimasta ya tara malamai ya karanta a gabansu yadda ya karanta na farko. "A hankali," ta ce, "kuma wurin kuskuren sau biyu." An ce Hedimasta ya karanta kamar mai tauna tsakuwa. Sai da aka mayar mata da ajinta ta zauna a kujerarta, sannan ta aika a ce wa Dakta ya kawo fom ɗinsa.

Ranar da ta koma na same ta a lokacin hutun tara, tana jan bencuna, tana dawo da 'yan jikin bango tsakiyar aji.

"Goggo, mun rama! Ba ni takardar da Dakta ya rubuta in buga ɗari biyu, in manna tun daga ƙofar jami'a har ofishinsa. Wallahi har a gilashin motarsa!"

Ba ta ko ɗago ba.

"Ramuwar me? Zango biyu yaran nan suka yi ba wanda ya jira su. Kama min bencin nan, ko ka fita ka ba ni wuri."