Namadi Baduku da Fad Mai Jan Hagu

Duk wanda sirdin babur ɗinsa ya taɓa yagewa a hanyar Kebbe ya san Namadi Baduku. Rumfarsa na bakin tasha, shekara ashirin ke nan yana ɗinke abin da ramukan hanya suka farke. Baduku ne ɗan baduku, sai dai ya saɓa da mahaifinsa a abu guda. Tsohon ya yi suna wajen ɗinkin laya, shi kuwa tun yana saurayi ya ce allurarsa ba za ta taɓa laya ba. Ka kawo kube ko jaka ko takalmi, zai yi maka. Ka kawo laya, ya sallame ka cikin ladabi. Da wannan aka san shi, kuma ba ƙaramin ji da shi yake yi ba.

Wasan gem kuwa da girmansa ya same shi. Wani Ɗangiwa ya buɗe shago jikin rumfarsa, ya sa talabijin biyu da sola, samari suka riƙa cika wurin suna tseren motoci. Namadi, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya fara da leƙe yana tsaki, ya koma koya wa masu wasa tuƙi da baki. Ran nan bayan la'asar Ɗangiwa ya gaji da surutunsa, ya miƙa masa fad, abin nan da ake riƙewa hannu biyu ana sarrafa motar, ya ce, "Baduku, tunda kai ka iya, bismilla."

Shaƙiyyin, ashe wanda kowa ya ƙi ya ba shi! Bayansa a tsage, ɗan maɓallin da ake murzawa da babban yatsa ya saki, ko ba ka taɓa shi ba mota sai ta riƙa zamewa hagu kamar jakin da ya hango gida. Wata guda Namadi yana karo da bango, samari suna kwasar dariya. To amma mutumin da ya saba wuni a kan ɗinki ɗaya ba ya rasa haƙuri. A hankali yatsansa ya gane halin abin. A miƙaƙƙiyar hanya ya ɗan tokare shi dama, in an zo kwanar hagu ya sassauta kawai, mota ta shige da kanta sumul, alhali sauran suna ta fizga suna taka birki. Ɗangiwa ya bar masa fad ɗin kyauta, shi kuwa ya samo jar fatar akuya ya ɗinke shi tsaf don kada tsagar ta ƙaru. Shekara uku ba wanda ya riga shi kai layi a Kebbe.

Sai ga Gazali, wani matashi mai gyaran waya daga Tambuwal, wanda can garinsu ba a ja da shi. Ya zo ranar kasuwa, suka kara sau uku, sau uku Gazali yana shan ƙasa. Ya ƙura wa jar fatar nan ido, ya ce, "Af! Ɗan mai ɗinkin laya, da fad cikin fata? Mi anka ɓoye ciki, Baba?"

Aka yi dariya aka watse, amma maganar ba ta watse ba. Kwana biyu matarsa Zahara'u ta dawo daga gidan suna ranta a ɓace, ta ce mata na tambayarta ko maigida zai taimaka wa 'ya'yansu da abin cin jarrabawa. Wanda ya fi ƙona masa rai shi ne wani dattijo da ya zo rumfa da 'yar takarda a naɗe, ya rage murya ya ce, "Ka ɗinke min awa yadda ka yi ma naka." Namadi ya sallame shi. Sunan da ya yi shekara ashirin yana tattali, ga shi zai zube a kan wasan yara.

Kasuwa ta zagayo, Gazali ya dawo da sabon fad fil a kwali. Ya ce in dai hannu ne, a gwada da wannan. Namadi ya karɓa. Wayyo, abin ba kyan gani! Yatsan da ya shekara uku yana tokare jan hagu ya ci gaba da tokarewa, alhali babu abin da ke ja. Mota ta yi dama ta rungumi bango, ya fito da ita ta sake komawa. Shi ne na ƙarshe. Shago ya kaure da "Mun faɗa!"

Ya yi bayani, ba mai saurare. Ya miƙa wa Gazali nasa ya ce ya tuƙa ya ji da hannunsa. Gazali ya maida hannu baya ya ce, "Ni? Allah shi tsare, ba ni taɓa wanga abu."

Namadi ya miƙe tsaye. Ya shiga rumfa ya ɗauko wuƙar aikinsa, ya zauna a tsakiyar mutane ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya yana yankewa. Fata ta buɗe. Babu komai sai tsagaggiyar roba da wani ƙyallen tsohon tib na liƙi da ya ɗaure shi da shi. Ya ce, "Kai ne mai gyara, kwance sauran." Gazali ya sa sukundireba ya buɗe ciki, ya ga ƙura da maɓallin da ya cinye gefe guda. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na ɗauki alhakinka. Ka yafe min." Wallahi a wurin nan har waɗanda suka fi kowa ihu sai da suka ji kunya.

Gazali ya roƙi a bar shi ya tafi da fad ɗin ya mayar da shi yadda yake. Bayan mako ya taso tun daga Tambuwal a kan babur, ya kawo shi da murnarsa. Ya sa masa sabon baya, ya wanke cikin, ya cire lalataccen maɓallin ya dasa sabo. "Yanzu ba ya ja ko kaɗan, Baba. Sak yake tahiya!"

Namadi ya murza shi da yatsa, ya ji shi tsaye cak a tsakiya. Nan take ya san abin da ya rasa. Ya dubi fuskar saurayin, ya ga yadda yake jiran a yaba masa, sai ya ce, "Madalla. Allah shi yi ma albarka."

Yau shekara biyu ke nan bai sake zuwa na ɗaya ba. Har yanzu Gazali, duk wanda ya haɗu da shi daga Kebbe, sai ya tambaya ko fad ɗin Baba na nan lafiya, kuma Namadi ya hana kowa ya gaya masa abin da gyaran ya jawo.