Fitilar da Ta Haska Ba da Hannuna Ba

Ina sunkuye ina gyara ƙafar lemar fitilar ɗaukar hoto sai ɗakin ya yi fari fat, ya koma yadda yake. Kyamara tana rataye a wuyana tana lilo, hannayena duka suna ƙasa. Ban danna komai ba.

A bayan labulen canza kaya akwai matar da ta zo hoto. Mun gama da atamfa, ta shiga ta sa leshi. Labulen nan bai taɓa kaiwa bango ba, kullum akwai tsaga, kuma inda na sunkuya bakin kyamarata wajen tsagar yake kallo. Ina jin ƙarar awarwaronta tun da ta shiga. Da hasken ya ɗauke, ƙarar ma ta ɗauke.

Shagon yana kan hanyar da ta shiga Ƙofar Mata, ba nisa da marina. Mai shagon, da muke ce wa Oga, ya ɗauke ni aiki bayan na gama sakandare, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don ya rubuta a allo cewa mace ce ke ɗaukar mata. Wannan rubutun shi ke kawo matan aure. Su shigo, in ja ƙofa, su ajiye mayafi su sake. Abin da nake sayarwa ke nan, hoton ma biyo baya yake yi.

Da can waya ce ke haɗa kyamara da fitila. Doguwa ce, baƙa, duk ta sha salatif. Idan na danna, saƙo ya bi ta cikinta, fitila ta haska. Takan harɗe ƙafar yara, takan zare ana tsakiyar aiki, amma ba ta taɓa yin abin da ban sa ta ba. Sai Oga ya ce ta tsufa, tana zubar mana da aji. Ya sayo tiriga, wasu 'yan akwatuna biyu kamar gidan ashana, ɗaya a kafa a saman kyamara, ɗaya a soke a bayan fitila, su yi magana ta iska. Ya naɗe wayar ya jefa ƙarƙashin benci.

Kwanaki kafin ranar na ga fitilar ta haska ita kaɗai ina shara. Na gaya masa. Ko kai bai ɗago daga wayarsa ba, ya ce wuta ce ke rawa.

Matar ta leƙo da kai ta tsagar labule, ta riƙe riga a ƙirji. Kafin in buɗe baki fitilar ta sake haskawa, a fuskarta.

Ba ta yi ihu ba. Ta koma ta shirya tsaf, ta yafa mayafi, ta fito ta tsaya tsakanina da ƙofa.

"Me kika ɗauka?"

"Hajiya, wallahi ban ɗauki komai ba. Fitilar ce."

"Fitilar ce ta danna kanta?"

Na juya mata bayan kyamara. Hoton ƙarshe nata ne cikin atamfa, tana murmushi. Ko kallo ba ta yi ba.

"Kun iya gogewa, kun iya turawa. Ni za ki yi wa wayon 'yan boko?"

Ta kira mijinta. Ɗan kasuwa ne, rumfarsa ba nisa. Ya sauko daga adaidaita da wasu maza, kuma tun daga bakin titi yake faɗin abin da ya kawo shi, saboda haka bai shigo shi kaɗai ba. Kafin wani lokaci ƙofar shagon ta cika. Har masu rini sun baro aikinsu, na hango hannayensu shuɗi a jikin ƙyaure. Ina jin labarin yana girma daga baki zuwa baki. A bakin ƙofa, na ɗauki matar aure tsirara. Can baya, na daɗe ina yi, ina sayar wa 'yan intanet. Na ji muryar wata da na ɗauka da ƙaramar salla, wadda har ta ba ni tukwicin turare, tana cewa, "Ni ma dama jikina ya ba ni." Wani ya ce a fito da ni kawai.

Alhajin, mijin nata, ya cire kyamarar daga wuyana, igiyar ta tafi da hijabina gefe. Ya ga ɗan akwatin da ke samanta.

"Ga abin turawar nan. Har da eriya."

Ya fizge shi ya sa a aljihu, ya zare batir, sannan ya miƙo hannu.

"Wayarki."

Na ba shi. Ya sa na buɗe.

Wannan wurin nake so in tsallake duk lokacin da nake ba da labarin, kuma shi ne ba ya barina barci. Suka haɗa kai a kan wayata, shi da mutanensa, suna shafa allo. Hotunan da muka yi da ƙawata ranar kitso, ba ɗankwali. Hoton ƙunshina har gwiwa, na bikin yayata. Ɗaya ya yi 'yar dariya ta hanci. Wani ya karanta saƙon wanda yake nemana da ƙarfi, yana kwaikwayon muryar mata. Ba su sami hoton matarsa ba, don babu shi. Hotunana suka kalla, a tsanake, kuma ba wanda ya ga laifin haka. Ita ma Hajiyar tana tsaye tana ji.

Da Oga ya kutso ta cikin mutane, sai na ji kamar ubana ne ya zo.

"Oga, gaya musu. Na faɗa maka fitilar nan tana haskawa ita kaɗai."

Ya kalli ƙofa, ya kalli Alhaji.

"Yaushe kika faɗa min?"

"Ranar da nake shara, ka ce wuta ce."

"Ni ban tuna ba. Alhaji, ni dai a sanina fitila ba ta haskawa sai an danna. Yarinyar nan kawo min ita aka yi, ban san cikinta ba."

Daga baya na gane lissafinsa. In kayansa ne da laifi, shagonsa ya mutu. In ni ce, yarinya ɗaya za a kora, a kawo wata. A lokacin dai sai na zauna a ƙasa kusa da benci. Ina kallon wayar nan mai salatif a ƙarƙashi, ta yi ƙura.

Wani mai hankali ya kira mai unguwa. Dattijo ne, ya san mahaifina a masallaci. Ya sa aka ja mutane baya, ya zauna a kan kujerar da muke ɗora amare, aka ɗora masa kyamarar a cinya. Ya saurari Hajiya, ya saurari Alhaji, ya saurari Oga. Ni tambaya ɗaya ya yi min.

"'Yata, tsakaninki da Allah, kin ɗauka?"

"Ban ɗauka ba, Baba."

"To wa ya ɗauka?"

Na kalli fitilar. Sai ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai dai a kai ni wurin hukuma, su suna da masu tono abin da aka goge. Ya ce hakan ma ya fi min, don ba zai iya rantsuwa a kan mutanen waje ba. Na tuna mahaifiyata, a lokacin tana gida tana tankaɗe, ba ta san komai ba. Na tuna hanyar da za a bi da ni kafin a kai ga mota.

Sai ɗakin ya yi fari fat.

Kyamara tana cinyar mai unguwa, ba batir. Tiriga tana aljihun Alhaji. Hannuna yana cikin hijabi. Na ɗauka shi ke nan, an gani. Amma Alhaji sama ya kalla.

"Akwai wata kyamarar a ɓoye. A duba silin."

Suka ɗauki ƙarfen da muke rataya labulen bango suka hau zungurar silin, ƙasa tana zubo mana. Oga yana ta ba da haƙuri, a kan silin ɗinsa. Mai unguwa ya fara tari, ya ce a buɗe ƙofa iska ta shigo.

Da yake a ƙasa nake, ta tsakanin ƙafafun mutane nake ganin titi. A tsallake akwai shagon wani mai hoton fasfo, ƙaramin ɗaki mai duhu. Ina kallo ƙasan labulensa ya yi haske, kuma a daidai nan fitilarmu ta haska a kaina.

Na yi magana, ba wanda ya ji. Sai da na rarrafa na taɓa bakin rigar mai unguwa.

"Baba, a kira mai shagon can. Ya zo da kyamararsa."

Ya zo yana taunar goro, kyamara a hannu, ga ɗan akwati a samanta irin namu sak. Mai unguwa ya ce ya danna. Ya danna, fitilarmu ta haska. Ya sake, ta sake.

Ya yi dariya. "Au, wannan ce rigimar? Ai wurin mutum ɗaya muka saya da Oganta. Tasharsu ɗaya, yadda suka zo daga kamfani. Ni ma in yarinyar nan ta danna tawa haskawa take, har ta ƙona min fasfo. Ina ta cewa zan leƙo."

"Ba ka ga taron nan ba?" in ji mai unguwa.

"Na gani, ranka ya daɗe. Ina da masu jira ne."

Ya ciro tsinken ashana, ya juya akwatinsa, ya tura wani ɗan makunni da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya danna. Fitilarmu ba ta motsa ba. Iyakar gyaran ke nan.

Ban koma shagon ba tun ranar. Har yau in aka haska waya a gidan biki sai in nemi bango. Na kuma san labarin da ya zaga unguwa, don lokacin da aka ciro tsinken ashanar an kira la'asar, yawancin masu kallo sun watse da abin da suka ji da farko. Wanda yake nemana ya rage zuwa. Bai ce don me ba, ban tambaya ba.

A ɗakin kuwa, a ranar, Alhaji ya fito da tirigarmu ya ajiye a kan benci, ya ɗora wayata a kai. Bai miƙo min a hannu ba. Ya ce wa mai unguwa, "Ai ka ga dole mutum ya yi bincike." Hajiya ta gyara mayafi, ta tambayi Oga ko na atamfar za su fito kafin suna. Oga ya ce za su fito, kyauta ma, sannan ya juya yana tambayar mai fasfo wace tasha ya koma, kada su sake haɗuwa. Na jira wani ya kalli inda nake.

Mai unguwa ne ya kalla, yana kakkaɓe ƙasar silin daga hularsa.

"Tashi, 'yata. Allah ya wanke ki. Babu abin da zai same ki, je ki gida."

"Baba, mutanen da suka tafi fa? Wa zai gaya musu?"

"Za su ji," ya ce, ya nemi takalminsa.

Na ɗauki wayata. Allon duk shatin yatsunsu ne.