Jatau da Ɗanyar Hanta

A Gedambaliya ta ƙasar Sudan in ka ce Jatau mai babur, wato direban tarakta, kowa ya san wanda kake nufi. Siriri ne kamar sillen kara, ga taurin kai. Shekara ashirin muna gona ɗaya, yana huɗa ina awon riɗi, ban taɓa ganin marara ta wuce shi ba, ɗanyar hantar nan da ake yankawa da albasa da barkono.

Wata shekara ƙirjinsa ya fara ɗaurewa a kan babur. Mai gona ya ce ba zai sake hawa ba sai likita ya yarda. Ni na raka shi Gadarif. Aka auna jini, likita ya ce kitse ya yi yawa a ciki.

"Kitse? Ya daktor, dube ni fa! Ai wannan ciwon tajirai ne."

Likita ya ce ba a tumbi ake ganinsa ba. Hanta ce ke yin mafi yawansa da kanta, ita ce kuma ke tsame rarar daga jini ta zubar ta matsarmama. Tasa ba ta kwashewa yadda ya kamata, sai ya taimake ta, ya dawo bayan wata uku.

Jatau bai tsaya jin sauran ba. A hanya ya ce mini, "Kwayyis, ya yi kyau. Hanta ta gaji, sai a ƙaro mata 'yar'uwarta."

Kullum sassafe yana gaban mahauta. Matarsa Ummusalama ta yi faɗa har ta gaji. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, taya shi ci nake yi.

Da muka koma, kitsen ya ƙaru. Likita ya dafe kai.

"Ya hajj, lebura ya gaji da dako, kai kuma sai ka ɗora masa wani buhu? Hantar da kake ci ai cike take da kitsen!"

Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce wake da ganye, man riɗi maimakon man shanu. Daminar nan Mudi, mataimakinsa, ya ja babur, Jatau yana bakin gona yana kushe kunyoyin da yake huɗawa. Tausayi ya ba ni ƙwarai.

Ranar da aka gama yankan riɗi aka yanka rago. Jatau ya yanka marara da hannunsa, ya tura mana tire, ya jawo kwanon wakensa.

"Ku ci," ya ce, yana kallon gefe. "Ni babur nake so."

Likita ya sa hannu a takardar komawarsa kan babur saura kwana tara ruwan shuka.