Rami na Huɗu a Bayan Gwange

Shekarun baya, tun gashin kaina bai gudu ba, na yi wa wani ɗan China mai haƙa rijiyar burtsatse aikin tafinta. Turancina guntu ne, nasa ya fi nawa gajarta, sauran sai mu cike da hannu.

Aka ba mu aiki a unguwarmu, can bayan Gwange, inda mata ke doguwar tafiya da jarka kafin su sami ruwa. Mahaifiyata na cikinsu, ga ciwon gwiwa. Ramin farko ya rufta. A na biyu bakin injin ya karye. Na uku kuwa kwana biyar muna fama, babu abin da ke fitowa sai busasshen yashi.

Washegari na tarar ogana yana sa a loda kaya a mota. Ya ɗaga mini yatsu huɗu yana girgiza kai. Wai a ƙasarsu huɗu lambar mutuwa ce, ko bene suka gina wasu sukan tsallake ta wajen lissafa hawa. Ba zai sa ma'aikatansa a rami na huɗu ba. Na yi dariya har da riƙe ciki, ni da ko za a yanka ni ba na tafiya ranar Larabar ƙarshen watan Safar. Amma da na dubi fuskarsa, dariyar ta maƙale. Tsoro yake ji na gaske, kuma na san in motar nan ta fita, mu da ruwa sai wani ikon Allah.

Sai ga mahaifiyata da jarkarta. Ta gaishe shi da "Wushe," wato sannu, sannan ta juyo gare ni. "Kai, ina za su da kayan?"

Na ce, "Inna, wai huɗu yake tsoro."

Ta ajiye jarkar. "Faɗa masa ranar da aka haife ni guɗa huɗu aka yi. Namiji uku, mace huɗu, haka muka taso muka gani. Ya haƙa na maza uku sun bushe. Wannan namu ne."

Na fassara iya ƙoƙarina. Ya tambayi shekarunta, na ce saba'in da ɗoriya. Ya daɗe yana kallonta, tsohuwa da ta kwashe duk rayuwarta da lambar da yake gudu. Sai ya ce a sauke kaya. Amma shi da kansa ya riƙe injin, ya hana kowa matsowa, gumi na ta zubo masa.

Rana ta uku, bayan la'asar, ƙasa ta yi wani gurnani, ruwa ya yi tsiri sama. Mahaifiyata ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Na ga ogana yana ƙirgawa da yatsu, ɗaya, biyu, uku. Da za ta yi ta huɗun ya runtse ido. Ya buɗe ya ga kansa tsaye, jiƙe sharkaf, da ransa.

Na san ruwa na Allah ne, ba na lamba ba. Abin da har yau ke cika ni da mamaki shi ne yadda lamba ɗaya wani ya hango kabarinsa a cikinta, wata ta ga ranar zuwanta duniya, kuma ya yarda ya ari tata ya tsaya a kai har kwana uku.

Ni dai har yanzu ina zama a gida duk Larabar nan ta Safar. Mahaifiyata ta rasu, Allah ya jiƙanta. Rijiyar na nan ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma matan unguwa ba sa ce mata burtsatse. Sai su ce za su ɗebo ruwa a Tamu.