Agwagin Inna da Ruwan Kududdufi

A bayan gidanmu, a wani ƙauye da ke tsakanin Bakori da Tsiga, akwai kududdufin da ba ya ƙafewa sai ƙarshen rani. Nan agwagin mahaifiyata suke wuni. Da safe Inna za ta buɗe musu akurki su fice a jere, da yamma su dawo da kansu cikinsu ɗam. Ba ta taɓa damuwa da abincinsu ba, domin kududdufin cike yake da talibambam da ƙananan kifaye da katantanwa.

A kududdufin nan kuma mahaifina yake wanke famfon feshi. Manomin auduga ne, kuma auduga ba ta yi sai da magani. Yakan sayo maganin a Funtua, wani lokaci na gwangwani, wani lokaci wanda ake ɗurawa a kwalba ba takarda, don manoma sun ce shi ya fi kashe tsutsa. In an taso daga gona sai ya ɗauraye famfon ya tuttular da ruwan a bakin gaɓa. Kowa haka yake yi a unguwar.

Ina ajin ƙarshe na sakandare ƙwan agwagin ya fara ba Inna mamaki. Agwagwa za ta hau kwanci, bayan 'yan kwanaki a tarar ƙwan ya farfashe a ƙarƙashinta. Wanda bai fashe ba ya zama baragurbi. Inna ta zargi ɓera, ta sa aka toshe ramuka. Ta zargi toron, ta aro wani daga maƙwabta. Ba abin da ya sauya. Wata rana ta miƙo mini ƙwai ɗaya ta ce in taɓa. Na ɗan danna da yatsa, ɓawon ya lotsa kamar busasshen ganye.

Akwai wani malamin gona, abokin Baba tun suna yara, da yakan biyo ta gidanmu ranar kasuwar Bakori. Ran nan ya shigo gaida Inna, ita kuma ta kawo masa kukanta. Ya juya ƙwan a hannu, ya tambayi inda agwagin suke kiwo, sannan ya ce Baba ya raka shi bakin kududdufin. Na bi su. Ya tsaya yana duban kwalaben magani da aka yar a bakin ruwan.

"Yaushe rabonku da ganin zalɓe a nan?" ya tambaya.

Baba ya dubi gaɓar ruwan. Da can tsuntsun nan mai dogon wuya ba ya rabuwa da wurin, amma ya ce gaskiya an kwana biyu.

Da muka koma gida malamin ya yi bayani a tsakar gida, Inna na zaune bakin murhu. Ya ce wasu magungunan, musamman tsofaffin da aka hana amma ake sayarwa a ɓoye, ba sa lalacewa. Sukan kwanta a cikin laka. Ƙananan ƙwari su ci, talibambam da kifi su ci ƙwarin, agwagwa ta ci kifin. Maganin ba ya fita da kashi, a kitse yake maƙalewa. Kifi ɗaya abin da ke jikinsa kaɗan ne, amma agwagwar da ta shekara tana haɗiyar kifaye ta tara nasu duka a jikinta.

Baba ya ce, "Amma ai ruwan ba ya ko wari, kuma kifin na nan da ransa."

"Ba lallai ya kashe kifin ba. Wanda ya ci kifin shi ne da kaya."

Inna ta ajiye muciya. "To Malam, mu da muke cin agwagin fa?"

Ya ce mu ne a ƙarshen layi. Ya ƙara da cewa ba zai rantse maganin ne ya ɓata ƙwan ba sai an auna, kuma awon ba a kusa ake yin sa ba, amma da shi ne, ba zai ba mai ciki ko mai shayarwa naman nan ba. A lokacin matar yayana tana goyo, kuma ita ce Inna take zaɓar wa romon agwagwa mafi maiƙo.

Da baƙon ya tafi, Baba ya ce a kai agwagin kasuwa a rabu da su. Inna ta ce masa, "Malam, abin da na hana surukata, 'yar wa zan ba?" Suka yi kwana biyu ba su daidaita ba. A ƙarshe Baba da kansa ya yanka su, muka haƙa rami mai zurfi a gefen gona muka binne. Inna ba ta fito ta gani ba.

Tun daga nan Baba ya koma wanke famfo a gona, nesa da ruwa, ya kuma bar sayen maganin kwalba. Ya yi wa mutane magana a ƙofar masallaci. Wasu suka ji, wasu suka ce iyayensu ma a nan suka wanke. Yara ba su fasa kama tarwaɗa a kududdufin ba, sai dai ba ta ƙara shiga tukunyarmu ba.

Matar yayana ta yaye ɗanta lafiya, yanzu har ya shiga makaranta. Ko wani abu ya shiga jikinsa, ko namu, ba wanda ya auna, ba mu sani ba. Bayan shekara ƙanwar Inna ta aiko mata da 'yan agwagi daga Malumfashi. Aka binne musu tsohon baho a tsakar gida, muna cika shi da ruwan rijiya, ana ba su dusa. Ba su yi ƙibar na da ba, kuma Inna ta sha mita a kan yawan cinsu da ƙazantar da suke yi mata a ƙofar ɗaki. Wadda ta fara kwanci a cikinsu ta ƙyanƙyashe ƙwanta duka in ban da guda biyu.